Sharhi: Harshen da Motocin Zamani Ke Magana da Shi, da Asarar Rashin Jinsa

Duk wanda ya daɗe cikin harkar sufuri a ƙasar nan zai iya tuna zamanin da bakanike kan kasa kunne ga kukan inji, ya faɗi abin da ke damun mota tun kafin a buɗe masa bonet. Zamanin Peugeot 504 ke nan, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna da ta soma aiki a shekarar 1975. A wancan lokaci sifana da filaya da sukudireba, sai kuma kunne mai kyau, su ne jarin mai gyara, kuma da su ya ci da iyalinsa, ya yaye yara masu yawa. Motar da ake saukewa yau a tashoshin jiragen ruwa na Legas ba irin waccan ba ce. Ƙafa huɗu gare ta kamar waccan, tana shan mai kamar waccan, amma a cikinta akwai ƙananan kwamfutoci gommai, a manyan motocin alfarma ma sukan kai 100, waɗanda ke aika wa juna saƙonni dubbai cikin kowace daƙiƙa. A cikin waɗannan saƙonni ne ake yanke yawan man da inji zai sha, da lokacin da giya za ta canja, da ko motar za ta yarda ta tashi ma ko a'a.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, Nijeriya tana kashe kuɗin waje masu ɗimbin yawa wajen sayo waɗannan motoci, amma ba ta sayo ilmin jin harshensu tare da su ba. Wannan giɓi shi ne ke cin ribar mai motar haya, da dillalin tokumbo, da mai tireloli, da ɗan kasuwar da ke jiran kayansa su iso daga Apapa. Asara ce da ba ta fitowa a littafin lissafi da sunanta na gaskiya, domin akan rubuta ta a matsayin kuɗin gyara, ko kuɗin mai, ko rashin sa'a.

Yadda abin ya faro

Ba don ado aka cusa wa mota kwamfuta ba. Tun daga shekarun 1970 Amurka da Japan da ƙasashen Turai suka shiga kafa dokokin rage hayaƙi, ga kuma tsadar fetur da ta biyo bayan rikicin mai na 1973. Kafireto ba zai iya auna mai da iska daidai yadda dokokin ke bukata ba, sai aka koma ga injeta da kwamfutar da ke sarrafa ta, wadda 'yan gareji ke kira birenbos. Bayan inji sai burki ya sami tasa, giya ta sami tata, jakar iska ta sami tata. Matsalar da ta taso ita ce, kowace daga cikinsu tana bukatar sanin abin da 'yar'uwarta ta sani. Idan kuwa aka ce sai an ja waya ta musamman tsakanin kowane biyu, to damin wayoyin zai fi ƙarfin gangar motar, ga nauyi, ga tsadar jan ƙarfe, ga yawan mahaɗai waɗanda kowace ke iya kwancewa.

A shekarar 1983 injiniyoyin kamfanin Bosch na Jamus suka soma neman mafita, suka kuma gabatar da ita a wani babban taron injiniyoyin mota a birnin Ditiroyit na Amurka a 1986, da sunan CAN. A 1987 kamfanin Intel, sannan Philips, suka fito da ƙwayoyin lantarki na farko masu aiki da tsarin. A 1991 Mercedes-Benz ta sa shi cikin babbar motarta samfurin W140, kuma a 1993 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta amince da shi a ƙarƙashin lamba ISO 11898. Daga nan ya bazu zuwa ƙananan motoci da manyan, da taraktocin noma, da injinan masana'antu.

Wayoyi biyu, masu magana da yawa

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Maimakon kowace kwamfuta ta sami wayarta zuwa kowace, sai aka shimfiɗa wayoyi biyu kacal, a murɗe da juna kamar igiya, daga wannan ƙarshe na mota zuwa wancan, kowace kwamfuta ta jingina da su. Idan babu mai magana, ƙarfin lantarkin kowace waya yakan tsaya a wajen bolt 2.5. Idan wata kwamfuta ta danna layin, ɗaya wayar takan hau zuwa wajen 3.5, ɗayar ta sauka zuwa wajen 1.5. Mai sauraro ba ya auna kowace waya ita kaɗai, bambancin da ke tsakaninsu yake aunawa. Hikimar ita ce, hayaniyar lantarkin da fulogogi da janaretan caji ke haddasawa takan bugi wayoyin biyu daidai wa daida, don haka bambancin ba ya canjawa, saƙo kuma ba ya gurɓacewa. A kowane ƙarshe na layin akwai rizisto mai ƙarfin om 120, wanda ke hana saƙo komowa baya kamar amsa-kuwwa. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa, idan ya cire batir ya ɗora mita tsakanin wayoyin biyu, yakan sa ran ganin om 60. In ya ga 120, ya san layin ya katse a wani wuri ko rizisto ɗaya ya ɓace. In ya ga kusan sifiri, wayoyin sun haɗe. Awo ne na minti biyu da ƙaramar mita, amma yakan ceci mai mota daga sayen kwamfutar da lafiyarta ƙalau.

Saƙon kansa ba ya ɗauke da sunan wanda aka aika wa. Abin da yake ɗauke da shi shi ne lamba mai nuna abin da ke cikinsa, alal misali gudun inji, ko zafin ruwa, ko gudun taya. Abin ya yi kama da shelar lasifika a tashar mota. Kowa yana jin ana kiran Sakkwato, amma fasinjojin Sakkwato kaɗai ke miƙewa. Haka nan kwamfutar burki kan shelanta gudun tayoyi, agogon gudu ya ɗauka ya nuna wa direba, giya ta ɗauka ta san lokacin canji, makullan ƙofa su ɗauka su kulle kansu idan mota ta fara tafiya. Sansa ɗaya ta wadatar da ma'aikata huɗu ko biyar. A tsarin asali lambar tana da gurbi 11 na sifiri ko ɗaya, wato nau'in saƙo 2,048, bayanin da ke biye da ita kuma ba ya wuce gurbi 64. Gajeren saƙo ne, amma ana maimaita shi sau da yawa cikin daƙiƙa.

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, yaya ake yi idan biyu suka buɗe baki lokaci ɗaya? A nan ne gwanintar tsarin take. Kowace kwamfuta tana magana tana kuma sauraron layin a lokaci guda. An tsara lantarkin ta yadda sifiri kan danne ɗaya. Idan biyu suka fara karanto lambobinsu tare, duk wadda ta aika ɗaya amma ta ji sifiri a layi, ta san akwai wanda ya girme ta yana magana, sai ta yi shiru nan take. Kamar zaman fada ne, inda ƙaramin hakimi kan haɗiye maganarsa da zarar Waziri ya gyara murya, ya jira a gama sannan ya ci gaba. Saƙo mai ƙaramar lamba shi ne babba, kuma masu ƙera mota sukan ba saƙonnin burki da inji ƙananan lambobi. Babban saƙo ba ya jinkiri, ƙaramin kuma ba ya ɓata, jira kawai yake yi.

Bugu da ƙari, tsarin yana binciken kansa. Kowane saƙo yana tafe da wani lissafi a ƙarshensa wanda masu sauraro ke sake yi don tabbatar da cewa babu abin da ya canja a hanya. Duk wanda ya ga kuskure yakan ta da ƙara, a soke saƙon, a sake aikowa. Kowace kwamfuta tana ƙirga kurakuranta, kuma idan ƙirgen ya wuce 255 sai ta janye kanta daga layin don kada ta hana sauran aiki. A layin da bai wuce mita 40 ba, tsarin yana iya ɗaukar gurbi miliyan ɗaya a daƙiƙa, ko da yake yawancin motoci sukan yi amfani da rabin haka ga inji da burki.

Hanyar kwalta da hanyar gona

CAN ba shi kaɗai ne a cikin mota ba. Kamar yadda gwamnati mai hankali ba ta shimfiɗa tagwayen hanya zuwa kowace gona, haka masu ƙera mota ba sa kashe kuɗin layi mai sauri a kan abin ɗaga gilashi. Don irin waɗannan ƙananan ayyuka, wato gilasai da madubai da kujeru, akwai tsarin LIN, wanda wasu kamfanonin Turai suka haɗu suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Waya ɗaya gare shi, gudunsa bai wuce gurbi 20,000 a daƙiƙa ba, kuma shugaba ɗaya ne ke ba kowa izinin magana. Ga ayyukan da ke bukatar sauri da cika lokaci akwai FlexRay mai gudun miliyan 10, wanda ya fara bayyana a BMW X5 a 2006. A 2012 Bosch ya sabunta CAN da samfurin CAN FD, mai ɗaukar bayani ninki takwas a saƙo ɗaya. Da kyamarori suka yawaita kuma, sai aka shigo da Ethernet, irin na ofisoshi amma a kan wayoyi biyu, mai gudun miliyan 100 ko fiye.

Tsakanin waɗannan layuka akwai wata kwamfuta mai tsaron ƙofa, wadda aikinta ya yi kama da na jami'in kwastan a kan iyaka. Ita ke fassara saƙo daga wannan layi zuwa wancan, ita ke barin wannan ya wuce ta tare wancan. Kowane ɗan kasuwa ya riƙe wannan mai tsaron ƙofa a zuciyarsa, domin a wurinta ne rigimar mallaka za ta taso nan gaba.

Ƙofar da mai gyara ke shiga ta ita kuwa doka ce ta samar da ita. Daga samfurin 1996 Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a ƙasarta ta zo da soket mai rami 16 kusa da sitiyari, a ƙarƙashin tsarin OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu, ga motocin fetur a 2001, ga na dizal a 2004. Daga samfurin 2008 Amurka ta ƙara da cewa sai da harshen CAN za a yi wannan magana, ta rami na 6 da na 14. Tunda kaso mai yawa na motocin tokumbo daga Amurka da Turai suke fitowa, kusan kowace mota da ke kan titunan ƙasar nan tana da wannan ƙofa. Da an jona mata na'urar bincike, sai motar ta faɗi kokenta da lambobi. Masu farawa da P na inji da giya ne, C na burki da ƙafafu, B na gangar jiki, U kuwa na sadarwar kanta. P0300 na nufin wuta tana tsallake a inji. U0100 na nufin an daina jin muryar kwamfutar inji a layi.

Inda kuɗi ke zurarewa

A ɗauki misalin da kowane gareji ya saba gani. Sansar gudun taya guda ɗaya ta lalace, ko kuwa wayarta ta guntule a wani rami. Tunda ma'aikata da yawa ke cin abinci daga saƙonta, sai fitilu uku ko huɗu su kama a gaban direba, a wasu motocin agogon gudu ya tsaya, giya kuma ta ƙi canjawa yadda ta saba. Wanda bai san sadarwar mota ba zai ga cututtuka huɗu, ya fara da mafi tsada. A sauke giya, a sayo wata a Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, a ɗora, matsala tana nan. Mota ta yi mako biyu a gareji, balas ya tsaya, direba yana zaune, banki kuma ba ya jira. Abin da ya lalace tun farko bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Misali na biyu ya fi wannan yaɗuwa. Al'ada ce a garejoji da yawa a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar nan tana da zafi. Amma kwamfutar inji tana sauraron sansar zafin ruwa, kuma muddin ta ji injin bai kai zafin da aka tsara masa ba, takan ɗauka bai gama ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Lokacin da litar fetur take ƙasa da Naira 200, ana iya kau da kai daga wannan ɓarna. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya tashi zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa daga baya, ba mai motar hayar da zai iya ɗaukar wannan hasara. Haka abin yake ga matatar hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi. Akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, fitilar gargaɗi ta kama, sai a liƙe fitilar ko a cire ƙwanta. Daga ranar motar ta rasa bakin faɗin kowace cuta da za ta same ta a gaba.

Daɗin daɗawa, akwai masu sa na'urar bin sawu da ƙararrawa da rediyo, waɗanda kan feɗe duk wayar da suka fara cin karo da ita. Idan aka yi rashin sa'a wayar sadarwa ce, motar za ta riƙa hauka lokaci-lokaci, ko batir ya riƙa mutuwa da dare domin kwamfutocin sun kasa yin barci. Akwai walda ba tare da cire batir ba, da juya kan waya wajen ba da caji, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi. Kowanne daga cikinsu yana iya kashe kwamfuta, kuma sabuwa ba a ɗora ta kawai a tafi. A yawancin motoci sai an gabatar da ita ga makulli da sauran 'yan'uwanta da na'ura, in ba haka ba injin ba zai tashi ba.

Dillalai ma suna da nasu kason. Bayan manyan guguwowi irin su Sandy a 2012 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora na Amurka sun yi gwanjon motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya shanye, kuma wasunsu sun bi jirgi zuwa ƙasashen waje. Irin wannan mota takan zo da fenti mai sheƙi, amma tsatsa tana cin mahaɗan wayoyinta a hankali, sai bayan watanni cutar ta bayyana a hannun wanda ya saya. Araha ba ta ado. Binciken na'ura kafin biyan kuɗi yakan tona kwamfutocin da suka daina amsawa, kuma a motoci da yawa yakan nuna lambar gangar mota da tsawon tafiyar da aka adana a wurare fiye da ɗaya, ta yadda wanda ya mayar da agogo baya zai iya kamuwa.

Sai dai sadarwar ba asara kaɗai take jawowa ba. Manyan motoci suna amfani da wani reshe na CAN mai suna J1939, kuma a 2002 manyan kamfanonin tireloli na Turai suka amince da wata ƙofa ta bai ɗaya, FMS, wadda ke ba mai mota damar karanta yawan dizal da aka ƙona, da gudu, da sa'o'in da inji ya yi yana aiki. Mai tireloli 20 da ke zaune a Kano yana iya sanin abin da kowace ta sha tsakanin Fatakwal da Maiduguri daga bakin injin kansa. Bayanin yana cikin motar da ya riga ya biya kuɗinta, saura ya karanta.

Tsaro da rigimar mallaka

An tsara CAN a zamanin da ba a zaton baƙo zai shigo layin, don haka a tsarin asali ba a tambayar wanda ya aiko saƙo. A 2015 wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna cewa ana iya shiga wata Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar rediyonta, a taɓa giya da burki. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. A 2023 wasu masana a Ingila suka bayyana yadda ɓarayi ke ɓalle fitilar gaba ta wasu motoci, su kai ga wayoyin sadarwa, su aika saƙon ƙarya cewa makulli yana nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka ne aka kafa ƙa'ida ta 155 ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan tsaron kwamfutocin mota, wadda ta hau kan dukan sababbin motoci a Tarayyar Turai daga Yulin 2024.

Ba mai jayayya da bukatar tsaro. Amma maganin da kamfanoni suka zaɓa shi ne kulle mai tsaron ƙofar nan da aka ambata. Fiat Chrysler ya fara haka a wajen 2018, wasu kuma suka bi. A irin waɗannan motoci ana iya karanta lambar cuta, amma share ta ko gwada wani sashe sai gareji ya yi rajista ta intanet ya biya kuɗin shekara. Ga gareji a Jamus wannan ƙaramin abu ne. Ga bakanike a Apo ko Zariya, wanda zai biya da dala, babban shinge ne. Motocin da aka ƙera da wannan kulle su ne ke zama tokumbo a yanzu.

Wasu ƙasashe ba su zuba ido ba. Jihar Masacusets ta Amurka ta kafa dokar 'yancin gyara a 2012, wadda ta tilasta wa kamfanoni su sayar wa garejoji masu zaman kansu irin bayanai da na'urorin da suke ba dillalansu. A 2014 kamfanonin suka amince su bi wannan ƙa'ida a duk faɗin Amurka, kuma a 2020 masu zaɓe a jihar suka faɗaɗa ta zuwa bayanan da mota ke aikawa ta iska. Tarayyar Turai ma tana da irin wannan tanadi a dokokinta. Hujjarsu ta tattalin arziki ce zalla. Idan mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin gyara, shi zai yanka farashi.

Akwai masu cewa mafita ita ce a koma ga tsofaffin motoci marasa kwamfuta. Wannan buri ne kawai. Ƙasashen da ake sayo motoci daga gare su sun daɗe da daina ƙera irin waɗancan, kuma mota mai injeta da lafiyayyun sansoshi ta fi mai kafireto tsimin mai nesa ba kusa ba. Abin da ya faru a 2021 ya isa shaida a kan inda darajar mota ta koma. Ƙarancin ƙwayoyin kwamfuta ya tsayar da masana'antu a nahiyoyi uku, farashin tsofaffin motoci a Amurka ya tashi da kusan kashi 37 cikin ɗari a shekara ɗaya, kuma zafin ya iso har wuraren dillalan Legas da Kaduna. A 2022 yaƙin Yukren ya tsayar da masana'antun damin wayoyi a yammacin ƙasar, Volkswagen da BMW suka dakatar da aiki a wasu masana'antunsu na Jamus. Abin lura kuma, Maroko da Tunisiya sun daɗe suna cin kasuwar haɗa damin wayoyin mota don Turai, aikin da hannu ya fi inji yawa a cikinsa. Ƙasar da ke da masana'antun waya da matasa masu neman aiki ya kamata ta yi nazarin wannan.

Abin da ya kamata a yi

Na farko yana hannun masu saye. Kada dillali ko kamfani ya biya kuɗin mota ba tare da an karanta dukan kwamfutocinta an ba shi sakamako a rubuce ba. Bankunan da ke ba da rancen mota da kamfanonin inshora su mayar da wannan sharaɗi, domin jinginarsu ce ke cikin hatsari.

Na biyu yana hannun masu motocin haya da na dakon kaya. Su hana cire tamostat da liƙe fitilar gargaɗi da feɗe waya barkatai, su kuma yarda su biya kuɗin bincike dabam da kuɗin gyara. Muddin ana biyan bakanike ne kawai idan ya canja wani ƙarfe, to ƙarfe zai riƙa canjawa. Masu mayar da motocinsu ga iskar gas, a ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su tabbatar mai yi musu aikin ya san yadda sabuwar na'urar za ta zauna lafiya da kwamfutar inji.

Na uku shi ne horo. Na'urar bincike ba ilmi ba ce. Lamba tana nuna inda ciwo yake bayyana, ba lallai ta nuna tushensa ba, kuma mai na'ura marar sanin lantarki ya fi mai kunne saurin jawo asara. Majalisar Tsarawa da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, NADDC, da Hukumar Ilmin Fasaha, NBTE, da Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, su haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA, a kai darussan karanta zanen waya da auna layi har cikin garejoji, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin kasuwa, a lokacin da ba zai hana mai sana'a neman abincinsa ba. Ƙananan bankuna kuma su ba ƙungiyoyin gareji rancen sayen na'ura ɗaya mai inganci da za su yi tarayya a kanta.

Na huɗu aikin Majalisar Tarayya ne da Hukumar Kula da Gasa da Kare Masu Saye, FCCPC. Duk kamfanin da ke son sayar da sababbin motoci ko harhaɗa su a ƙasar nan, ya zama sharaɗi a kansa ya buɗe bayanan gyara ga garejoji masu rajista, a farashin da za a iya biya da Naira. Kamfanonin sun riga sun yarda da haka a Amurka da Turai, don haka ba sabon abu ake nema daga gare su ba.

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Kanikawan ƙasar nan sun riƙe 504 a kan hanya shekaru da dama bayan ƙasar da ta ƙera ta ta daina ganinta, kuma basirar da ta yi wannan ba ta tafi ko'ina ba. Abin da suke bukata shi ne mita, da zanen waya, da wanda zai koya musu, da dokar da za ta buɗe musu ƙofa. Kuɗin waɗannan duka bai kai abin da ake zubarwa kowace shekara wajen canja giyar da lafiyarta ƙalau ba.